Ƙorafin Mai Gyaran Agogo da Aka Mayar Ɗan Leƙen Asiri

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Kamfanin Fina-finai na Tsinin Ido, gwanin haske da inuwa, Allah ya ƙara basira.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da manya. Tun ina da baƙin gashi nake jin ana raɗe-raɗin wai a layinmu akwai mai kai wa hukuma maganar mutane. Ban taɓa yarda ba, don maganar layinmu ba ta wuce ƙwallo da ciwon baya. Shekara talatin jita-jitar nan tana yawo ba ta da fuska, sai da ka zo da kyamararka ka ba ta tawa.

Ni ne tsohon nan mai gyaran agogo da kuka ari shagonsa rabin yini. Ka ce mini, Baba, yi aikinka kawai, kamar ba ma nan. Na yi. Ga abin da ka yi da aikin nawa.

Na ɗaya. Duk mai sana'armu yakan kara agogo a kunne, don a sauti ake gane cutarsa. Kai kuwa ka matso da kyamara har ana ƙirga gashin kunnena, ka kashe duk wani motsi, ka bar ƙas-ƙas ɗin agogo yana dukan ƙirjin masu kallo. Ranka ya daɗe, saƙon wace ƙasa nake saurare a agogon tela, wanda ruwan wanki ya shiga?

Na biyu. In na gama gyara, nakan karce kwanan wata a cikin murfin baya da tsinin allura, don in agogon ya dawo in san yaushe na taɓa shi. Haka maigidana ya koya mini. Ka nuna lambobin sun cika allo, nan take ka yanke zuwa wani mai baƙar jaka yana ƙona takarda. Ban taɓa ganin mutumin nan ba. Almakashinka ne ya ƙulla mana abota.

Na uku, maganar kallon nan. An ce na ɗago kai a hankali, gilashin aiki a ido ɗaya, na bi jarumin fim da kallon da ya sa wata mata salati a gidan kallo. Ƙuda nake kallo, Mai Girma. Yana shirin faɗawa kofin shayina. Ka cire ƙudan, ka rage gudun hoton, ka kashe fitilar hagu rabin fuskata ya shiga duhu, sannan ka shimfiɗa wani kiɗa mai gurnani a ƙasa. Da wannan kiɗan ko jariri aka nuna yana hamma, sai an ce a bincike shi.

Na huɗu ba sai na tsawaita ba. Hannun da na zura ƙarƙashin tebur, wanda ka bar jama'a suna jiran bindiga har daƙiƙa goma, gwiwata nake sosawa.

Na yaba maka, wallahi. Kakata takan kwashe rabin sa'a kafin ta tsorata mu da dodo, kai a minti biyu ka gama, ban ma buɗe baki ba. Sai dai ita in ta gama takan ce ƙarya ce, kowa ya tashi lafiya.

Ga inda abin ya taɓa ni. Bencin ƙofar shagona shekara talatin yana ɗaukar majalisa. Yanzu sun koma ƙofar mai faci, cikin rana, babu ko inuwa. In na doso, sai hira ta koma kan zafin gari. Mai aski, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya aske ni tas bai ce uffan ba. Tela ya karɓi agogonsa, ya buɗe murfin a gabana, ya daɗe yana karanta kwanan watan.

Roƙona ƙarami ne. Ka dawo da kyamararka, ka kunna fitilun duka biyu, ka sa kiɗa mai daɗi, ka nuna ƙudan. Tunda sun fi yarda da allonka a kan zaman shekara talatin, to allon ya wanke ni.

Mai yi maka biyayya da duk rabin fuskar da ka bar masa a haske,
Baba Mai Agogo.

Af, na manta. Jita-jitar ta sake zagayowa kunnena shekaranjiya, wannan karon da sunana a ciki. Wadda ta faɗa mini ta ƙarshe ita ce uwar 'ya'yana. Ta rantse ita ba ta yarda ba ko kaɗan. Amma kafin ta fara magana, sai da ta cire agogon hannunta ta sa a aljihun tebur ta rufe.