Rasuwar Kunkuru, Kurtun Tawadar Malam Sidiku

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ba ya da magani, Malam Sidiku na Yendi yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Kunkuru, kurtun tawadarsa na tagulla mai siffar kunkuru, wanda ya cika ranar jajibirin Sallah yana da shekara ɗari da 'yan kai.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a Salaga, kan teburin mahaifin Malam, mai rubuta wa jama'a wasiƙa. Mai haƙuri ne, mai riƙe sirri. Ya ji saƙon aure, ya ji na mutuwa, bai taɓa kai wa kowa gulma ba. Iyakar maganarsa “ƙwal”, idan an rufe ƙoƙon bayansa.

Tun ranar da tsohon ya ajiye alƙalami, sauran tawadarsa ta bushe a cikin marigayin. Shekara arba'in Malam bai ƙara ko ɗigo ba. Niyyarsa ita ce ya jiƙa ta sau ɗaya tak, ya rubuta wasiyyarsa da tawadar ubansa.

Ciwon ajali bai yi tsawo ba. Hajiya Asiatu, matar Malam, ta ga marigayin ya yi kore shar, ta ji kunyar baƙin Sallah, sai ta haɗa shi da farantai ta dirje shi da lemun tsami da toka. Ashe tsatsar ce ke riƙe da cikinsa. Ya fito yana ƙyalli kamar ango, da huda a ciki, tawadar kuwa ta bi rariya. An kai shi wajen maƙeri har Bawku, maƙerin ya duba ya girgiza kai. Malam ya yafe wa Hajiya, amma har yau ba ya iya cin abinci a farantan nan.

Marigayin ya bar alƙaluma uku da ba su da wurin shan ruwa, da wuƙar buɗe wasiƙa, da wata ƙararrawar tebur da ta daɗe da kurumcewa.

Za a naɗe shi cikin tsohon rawanin mai shi na farko, a sa shi a akwatin ƙarfe ranar Juma'a bayan la'asar. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su yaba ƙyallin gawar. Zainudeen, ɗan Malam, ya ce zai buga masa wasiyyar a waya. Malam ya gode, ya ce a bari, abin da zai bar musu gādo ɗin ne ake binnewa.