Ranar da Na Yi wa Fayil ɗin Hafsatu Kuka

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanwata Hafsatu a Ƙofa ba, ranar da kunnena ya ci amanata a gaban dangi.

Kafin Baba ya rasu na naɗi karatunsa na Alƙur'ani, kuma shi ke nan abin da ya rage mana na muryarsa. Fayil ne ƙato, waya har nishi take yi da shi. Hafsatu, da ta yi karatun kwamfuta, ta matse shi ya koma kusan rabi. Na yi tsalle na dire. Ta ce ba irin matsewar da ke zubar da wani abu ba ce, ninke shi ta yi kamar babbar riga a akwati, in an kunna ya warware yadda yake. Na ce ta riƙe bokonta, ni kunne gare ni (lokacin ina haɗa lasifika a bukukuwa, ana ce mini Injiniya, ni kuma ba kunya nake amsawa).

Ranar walima, bayan la'asar, Inna ta aiko a sa wa jama'a karatun. Maimakon in sa in ja bakina, sai na ɗauki makirfo na sanar cewa za a ji na asali, sannan a ji wanda aka lalata. Na kunna na farko, na lumshe ido, har da ƙwalla. Na kunna na biyu, na yamutsa fuska na ce, "Ku ji yadda aka shaƙe muryar bawan Allah."

Ango ya leƙo wayar, ya raɗa mini, ya manta makirfo na hannuna: "Yaya, wanda ka yi wa kuka ai shi ne na amarya."

Lasifikar da na haɗa da hannuna ta kai maganar har cikin gida. Na ji dariyar mata ta tsallako katanga. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da damina wayata ta faɗa rafi a hanyar Doguwa, ta tafi da na asalin. Na rasa bakin gaya wa Inna. Hafsatu ta turo nata, ko gori ba ta yi mini ba. Muka kunna, Inna ta ji har gyaran muryar da Baba yake yi kafin ya ja bisimilla, ta goge ido. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri.

Yanzu in aka kira Injiniya, sai in waiga in ga wa ake nufi.