Ranar da Shinge Ya Fito

A wani daji akwai makarantar zurfafa bincike, inda dabba kan shiga da ƙuruciya ya fito da furfura, a kira shi Dakta. Cikin ɗalibanta akwai Damo. Bincikensa a kan shinge ne, garar nan mai fiffike da ke fitowa daga suri bayan ruwan farko. Sau ɗaya take fita a shekara. Ya rubuta komai, saura babin ƙarshe, wanda sai ya ga fitar shingen da idonsa. Guza kuwa, uban yarinyar da yake nema, ya rantse ba zai ba da 'ya ga ɗalibi ba. Bana ko Dakta, ko a ba wani.

Ana nan sai majalisar makaranta ta zauna. Shugabanta, Shehun Malami Hankaka, ya gyara farar babbar rigarsa ya ce, "Jama'a, ana zaginmu. Ɗalibanmu sun san ƙafar sauro ta hagu, ba su san hanyar kasuwa ba. Wanda muka yaye bara yana nan gindin kuka yana yi wa ƙudaje lacca. Saboda haka kowa zai yi horon ƙwarewar da ke bin mai ita duk inda ya je. Wanda bai zauna ba, babu hular Dakta. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Aka yi tafi. Ba wanda ya tambayi ranar da shi Hankakan ya taɓa zuwa kasuwa.

Aka ɗauko Malama Hawainiya daga wani dajin, don ita ce ta yi aiki a kan kowane irin ganye ba a taɓa korar ta ba. Ta koya musu tallar kai. Kwanciya a kan dutse, in ji ta, sunanta nazarin yanayi. Gudu in an ga kura, ɗaukar mataki cikin gaggawa. Bushiya ta koyi musafaha, aka kai uku wurin mai magani.

Ranar darasin amfani da lokaci gari ya wayi da hadari a gabas. Damo ya shinshina iska, ya ji ƙamshin ruwan farko. Malama ba ta iso ba sai da rana ta take tsaka, tana ɗaga ƙafa kamar ƙasar aro ce. Ta hau reshe ke nan ruwa ya sauko, ya ɗauke. Daga inda yake zaune Damo yana hango surinsa ya fara huci.

Ya ɗaga hannu. "Allah gafarta Malama, shinge zai fito. Ki ba ni izini, yanzu zan dawo."

Ido ɗaya ta juyo masa, ɗayan yana kan suri. "Madalla da wannan misali. Ɗalibai, ku dube shi. Wannan shi ne wanda aiki ke ja, ba shi ke jan aiki ba. Ɗana, da ka tsara lokacinka, da shingen nan ya san kana da darasi yau. Zauna."

Kurege ya raɗa masa, "Kai, tsere mana! Wa zai kama ka?"

"In na fita babu hula."

"In ka zauna fa?"

Damo ya shiga auna maganar. Sarkin haƙuri ne, kuma an horar da shi kada ya yanke hukunci sai ya duba kowane ɓangare. Yana cikin dubawa shinge ya tashi, ya rufe sama kamar hayaƙi. Iska ta koro wasu cikin aji. Malama tana bayani a kan cin moriyar dama, harshenta yana fita yana komawa, ba ta ko yi tuntuɓen kalma ba.

Da aka tashi ya ruga. Fukafukai kawai ya tarar a ƙasa, da kwaɗi suna hamdala.

Ya je wa Hankaka da hawaye. Hankaka ya ce, "Ai sannu ba ta hana zuwa. Baɗi ma damina ce. Kuma ina taya ka murna, Malama ta ce kai ne ka fi kowa natsuwa a aji."

Kafin kaka aka ɗaura auren 'yar Guza da wani ƙadangare mai sayar da fara. An gayyaci Damo, ya gabatar da kansa ga baƙi cikin ƙwarewa, kowa ya yaba.

Majalisa ta tambayi Malama Hawainiya ko horon ya amfanar. Ta ce ƙwarai, ranar ko abincin dare ba ta nema ba.