Nomau da Gindin Buhu

A ƙauyen Rafin Gora akwai wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, Inna Kuluwa, da 'ya'yanta biyu. Babban shi ne Jatau, manomin wake mai mata ɗaya da 'ya'ya goma. Ƙaramin kuwa Nomau, wanda in ka ce ya jira ka a bakin hanya, ko baɗi ka dawo nan za ka tarar da shi. Ba hauka gare shi ba. Tambaya ce ta yi masa yawa, kuma duk amsar da aka ba shi da ƙashinta yake haɗiyewa. Abin da ya iya, ya kuma fi so a duniya, shi ne matsa wa Inna ƙafa da man shanu. Ita ce ta tura shi wajen Liman Sidi ya koyi addini.

Wata rana Liman ya ce masa, "Addini hawa uku ne: musulunci, imani, ihsani. Mu fara da salla. Tsaya bayana, duk abin da na yi ka yi." Liman ya yi kabbara, Nomau ya yi. Liman ya yi tari, Nomau ya yi tari. Aka idar, Liman ya ɗingisa zuwa gida, Nomau na ɗingishi a bayansa. Liman ya wanke hannu ya tsoma a kwanon tuwo, sai ya ji wani hannun a ciki. Nomau ya haɗiye loma ya ce, "Malam, yaushe ake gamawa?"

Wata rana aka zo kan zakkar hatsi, Liman ya ce cikin dami goma ana fitar da ɗaya. Nomau ya koma gida yana juya maganar. Ya dubi 'ya'yan Jatau suna wasa a tsakar gida, ya ƙirga, ya ga goma ne cif. Ya saɓa autarsu Lantana a kafaɗa, sai ƙofar Liman. "Malam, ga zakkar Yaya. Ba a taɓa fitarwa ba." Hanne, uwar yarinya, ta iso da gudu, ɗankwali a hannu. Ranar Jatau ya ce tura ta kai bango: Nomau ya ƙara yin ɗaya, zai tura shi hayin kogi kiwon awakin kawunsu. Awaki ba su dami Nomau ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne wa zai matsa wa Inna ƙafa.

Wata rana aka shiga imani. Liman ya ce kowa na da mala'iku biyu, dama da hagu, suna rubuta duk abin da ya faɗa. Nomau ya zaro ido. "Duka, Malam? Ba sa gajiya?" Tausayinsu ya kama shi, ya koma magana kalma-kalma don su riƙa samun sararin rubutu. Ya shiga gida ya ce, "Hanne... akuya... ta... shiga..." Kafin ya kai ga "gari", akuya ta lashe ƙwarya tas. Inna ta roƙi Hanne aka binne maganar, Jatau bai ji ba.

Wata rana aka kai hawa na uku. Liman ya ce, "Ihsani shi ne ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa. In ba ka ganinSa, Shi yana ganinka."

"Har cikin ɗaki?"

"Har ciki."

"Har gindin buhu?"

Liman ya yi dariya. "Har gindin buhu, Nomau."

A shekarar ƙwari sun huda wani sashe na waken Jatau. Da jajiberin kasuwa ya ware mai kyau gefe, hudajje gefe, ya miƙa wa Nomau basilla da igiya. Kunya ta hana shi faɗin abin da yake nufi a fili, sai ya ce, "Ɗura, ka ɗinke. Mai kyau ka sa shi inda ake kallo." Nomau ya daɗe tsugune yana leƙa cikin buhu, sannan ya kama aiki.

A kasuwa Alhaji Mati, mai sayen wake, ya farke bakin buhun farko, sai ga hudajjen wake ƙwari na yawo. Jatau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya juyo ya ce wa Nomau, "Haɗa kayanka, gobe hayin kogi!" Hawaye suka cika idon Nomau.

Alhaji Mati kuwa algus ya ishe shi, ya zo da niyyar zazzage buhun kowa, wanda aka kama a kai shi gaban sarkin kasuwa. Ya sa aka juye na Jatau a tabarma. Hudajjen ya zubo kaɗan, sai farin wake tas har ƙasa. Buhu na biyu ma haka. Alhaji ya riƙe baki. "Tunda nake ban taɓa ganin buhun da gindinsa ya fi bakinsa ba. Wa ya ɗura?"

Nomau ya share ido, ya yi magana a hankali saboda masu rubutu. "Yaya ya ce in sa mai kyau inda ake kallo. Bakin buhu kowa na kallo. Gindin kuwa Allah kaɗai ke kallo. Na ga ai Shi ne babba."

Alhaji ya ce daga yau ba ya zazzage buhun da Nomau ya ɗinke. Jatau bai ɗago kai ba har suka iso gida, kuma ba a sake jin zancen hayin kogi ba.

Da la'asar Nomau na matsa wa Inna ƙafa, sai suka jiyo Jatau a bayan rumbu yana neman gafara, kalma-kalma, a hankali, yadda mai rubutu ba zai tsallake ko ɗaya ba.