Sauransu Ya Cinye Idon Inna

Jama'a, ranar Litinin ɗin farkon watan jiya na riƙo hannun Inna, mahaifiyata, muka nufi asibitin ido. Yanar ido ta rufe mata idon dama tun bara, na hagun ma ya fara gani dishi-dishi. Likita ya ce aikin ƙarami ne amma ba ya son jinkiri, kuma mai yin aikin baƙo ne, ƙarshen wata zai tattara ya tafi. Ni kuwa hankalina kwance, har da fito a hanya, domin tun ranar da na fara yankan soso a kamfanin katifa aka ce mana duk wata ana cire kuɗin lafiya daga albashinmu, na ma'aikaci da iyalinsa da iyayensa.

Baiwar Allahn da ke bayan taga ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, ta ɗago.

"Malam, sunanka ba ya nan."

"Duba da kyau, ƙanwata. Na tsufa a kamfanin nan."

"Na duba. Sai dai ka kawo takardar albashi da ta nuna ana cire maka kuɗin lafiya. Da ita za mu bi kamfaninku."

Takardar albashi! Wallahi kamar ta ce in kawo mata ƙahon zomo. Mu albashinmu waya ce ke yin ƙara ƙarshen wata, ka duba ka ga abin da ya faɗo, ka ce alhamdu lillahi. Wani watan ya zo dogo, wani watan ya ɗage kamar wandon aro, ba mai ce maka ga dalili.

Da yamma na kai kukana wurin maƙwabcina tela, wanda muke kira Lauyan Benci saboda rediyo ba ta barin kunnensa. Ya tsayar da keken ɗinki ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai dai akwai ka da zaman haƙuri. Ai doka ce! Dole mai aiki ya ba ma'aikacinsa takarda duk ranar biya. A rubuta abin da ka samu, a rubuta abin da aka cire ɗaya bayan ɗaya da dalilinsa, a rubuta abin da ya rage. Ba alfarma ba ce, haƙƙinka ne."

"To yaushe aka yi dokar?"

"Ta girmi ɗanka na fari."

Na ji daɗi ƙwarai. Ashe muna da doka mai kyau haka, ana ta ɓoye ta kamar kayan gado don kada ta tsufa. Allah ya saka wa waɗanda suka rubuta ta, sun yi aikinsu sun karɓi kuɗin zama, sun bar mana ita sabuwa dal ba ko ƙwarzane.

Washegari na hau bene wurin Akanta. A kamfaninmu sunansa Gobe-da-Safe, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya ce ka dawo ya amsa. Na same shi yana firfita da fayil.

"Takardar albashi? Me ya yi zafi? Ba ka ga kuɗinka a waya ba?"

"Na gani, yallaɓai. Wanda ban gani ba nake nema."

Ya nuna mini injin buga takarda da ke lulluɓe da tsumma a kusurwa, ya ce ba tawada, an rubuta wa manya ana jiran amincewa. Wannan injin da idona na ga ya buga takardar gargaɗi ga wani abokin aikina da ya makara. Amma ku yi masa adalci, wataƙila tawadar gargaɗi daban take da tawadar albashi.

Na wuce wurin Manaja, Mai Girma Uban Marayu, wanda ya fi son ya kira mu 'ya'yansa musamman idan za a yi aikin dare ba ƙarin ko sisi. Ya saurare ni yana murza zobe.

"Haba ɗana. Takarda tsakanin uba da ɗa? Ba ka yarda da mu ba ke nan?"

"Na yarda, ranka ya daɗe. Asibiti ne bai yarda ba."

"A bar kaza cikin gashinta. Ka san fa akwai matasa a bakin ƙofa suna neman aikin nan naka."

Na gane karatun. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, domin bakuna da yawa ke jiran ƙarar wayar nan. Amma na tuna yadda Inna ta zuba gishiri a shayi da safe ta shanye ba ta ce komai ba don kada mu damu, sai na ji raina ya ɓaci fiye da tsoron.

Lauyan Benci ya ce in kai ƙara ofishin da aka kafa don kare irinmu. Na je. Ofis ne mai kyau, fanka tana juyawa, ga dokar nan an saka ta a gilashi an rataye a bango kamar hoton kaka. Shugaban ofishin, Mai Girma Sarkin Hatimi, Garkuwan Talakawa, ya karanta mini ita da murya mai daɗi har na kusa tafawa. Ya buga tebur ya ce kamfaninmu ya aikata babban laifi, kuma za su ga aiki da cikawa.

"Sai dai kafin mu buɗe fayil, sai ka tabbatar mana kai ma'aikacinsu ne."

Na miƙa masa hannuwana, duk saɓa da tabon wuƙar soso. Na nuna masa rigar aiki mai tambarin kamfani.

"Riga ai ana aro. Hujja muke so a rubuce."

"Kamar me, ranka ya daɗe?"

"Kamar takardar albashi."

Na tsaya ina kallonsa, shi ma yana kallona, fanka tana kallonmu duka. Wato in kawo takardar da ta nuna ba a ba ni takarda. Ku faɗi gaskiya, wannan basira a banza ake samunta? Irin wannan sai an tura mutum ƙaro ilimi ƙasar waje da kuɗin jama'a.

Da na koma gida na ba Inna labari, sai ta lalubo mayafinta ta ce gobe da ita za a tafi. Na ce ta rufa mini asiri. Ta ce ita ta haife ni ba ni na haife ta ba.

Da safe ta sa na kai ta kamfaninmu, ɗakin da ake baje wa masu saye katifu. Ta laluba ta zaɓi mafi tsada, ta hau ta miƙe ƙafa. Duk wanda ya shigo ciniki sai ta ce, "Sannu ɗan nan. Katifar tana da laushi ko? Ɗana ne ya yanka sosonta. Shi kam a tabarma yake kwana, ni kuma ido ne ya tafi, ana jiran tawada." Kafin azahar wata hajiya da ta zo sayen katifu na otal ta juya ta fita. Sai ga ikon Allah, tawada ta sauko daga sama. Gobe-da-Safe da kansa ya sauko da gudu, takarda a hannunsa.

Na karɓa da hannu biyu. A sama ga albashi, adadin da ban taɓa sanin nawa ba ne, har na ɗan ji ni wani ne. A ƙasa ga ɗan abin da na saba gani a waya. A tsakiya kuwa, inda doka ta ce a jera abin da aka cire ɗaya bayan ɗaya, layi ɗaya tak: "Da sauransu."

Jama'a, ku ne alƙalai. Ni dai yadda na tashi na ji ana magana, sai an ce shinkafa da mai da gishiri, sannan a ce da sauransu. Sai an ga su kafin a ga sauransu. Na ce wa Akanta, "Yallaɓai, sauran su wa?"

"Abubuwa ne da yawa. Haraji, lafiya, fansho, walwala, haka dai."

"To a rubuta haka dai ɗin mana."

"Tsarin kwamfuta ne, ba ya canzuwa."

Ashe duk shekarun nan ina da wani ɗa a gidana mai suna Sauransu. Ya fi kowa ci, kusan kashi ɗaya cikin uku na gumina shi ke lashewa, bai taɓa ɗebo wa uwarsa ruwa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka na ruga asibiti da takardar. Baiwar Allahn nan ta karanta, ta dube ni da tausayi na gaske.

"Malam, ka yi haƙuri. Da an rubuta lafiya, da yau na saka ta a layi. Sauransu ba ya cikin abin da muke karɓa."

Na koma wurin Sarkin Hatimi, tunda yanzu ga hujja a rubuce. Ya duba gaba ya duba baya, fuskarsa ta washe.

"Madalla! Ai ga shi sun ba ka takarda. Magana ta ƙare, kamfani ya bi doka."

Ya buga mini hatimi a kai, kyauta, bai karɓi ko kwabo ba. A rubuta masa wannan a littafin lada.

Wata ya ƙare, likitan baƙo ya tafi. An ce wani zai zo baɗi in Allah ya kai mu. Idon hagun Inna kuwa bai san ana jiran baɗi ba. Yanzu da murya take gane jikokinta, ƙaramar cikinsu kuma sai ta shafa kanta kafin ta kira sunanta. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ba na jin zan yafe shi.

Jiya da la'asar ta ce in ba ta takardar nan da muka sha wahala a kanta. Ta kai ta dab da fuska, ta juya ta wajen haske, ta daɗe.

"Ni fa ban ga komai ba."

"Inna, ni ma mai ido biyu ban ga komai ba."

"To in ka haɗu da Sauransun nan ka ce ina gaishe shi. Ka ce ya zo ya ja ni zuwa banɗaki, tunda shi ya ci kuɗin."

Saboda haka ina cigiya. Duk wanda ya san gidan su Sauransu ya taimaka ya nuna mini. Lauyan Benci ya ce ba zai yi wuyar ganewa ba, wai in nemi gida mai bene da sababbin motoci a ƙofa, kuma kowa a gidan idonsa garau.