Rasuwar Kande, Wadda Ƙusa Ta Kashe a Hanyar Dayi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, Malam Maitama Sabo na Malumfashi yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa Kande, Fijo doguwa, wadda ta cika jiya da hantsi a kan hanyar Dayi, wuta na ci a cikinta, hon ɗinta na kururuwa, mai gidanta na kwasar ƙasa da hularsa yana watsa mata. Zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa gawar ta huce. Malam Maitama ne bai huce ba, kuma ya ce a shaida wa jama'a ba shi da niyya.

An raɗa wa marigayiya suna Kande ne saboda ta zo bayan maza, wato baburan da Malam Maitama ya yi ta fama da su kafin Allah ya ba shi mota. Ta yi rayuwa mai albarka. Ita ce ta fito da masara daga Mahuta a shekarar da ruwa ya cinye hanya, manyan motoci na kwance cikin taɓo kamar shanun da suka ƙoshi, ta ratsa ta gefensu ko waiwaye ba ta yi ba. Ta kai masu naƙuda asibitin Funtua, ta kai amare Maska, ta dawo da masu yaji ba tare da ta faɗa wa kowa abin da ta ji a kujerar baya ba. Ta sha man 'yan bumburutu ba ta yi ƙorafi ba. Kowace safiya takan yi gyaran murya, "kyar-kyar-kyar," sannan ta ce "buuum," kajin unguwa su watse, yara su san lokacin makaranta ya yi.

Iyalai ba su ce ba ta da aibu ba. Ƙofarta ta baya sai da igiya, kuma in gari ya yi sanyi takan nemi a ɗan tura ta. Amma igiya ba ta taɓa kashe kowa ba.

Jinyarta ta fara ne daga alheri. Hajo, matar Malam Maitama, tana sana'ar zoɓo da kunun aya, sai mijin ya sa Ɗanjuma mai walda ya ƙera mata ɗan ɗaki mai taya, da taga da kanta da ƙaramin firij, don Kande ta riƙa jan sa zuwa kasuwannin ƙauye. Ɗanjuma ya yi aikinsa tsaf, Allah ya saka masa. Ya rage a haɗa wa ɗakin wuta daga jikin mota: fitilun baya, da sigina, da fitilar birki, don na baya ya san ina aka dosa, sai kuma wayar da za ta ciyar da firij. A nan ne ƙaddara ta ja ƙafar Malam Maitama zuwa bakin tasha, shagon Kamalu Rewaya, mai gyaran wayoyin mota.

"Kamalu, ka taɓa irin wannan aikin?" in ji Malam Maitama.

"Haba Baba Maitama! Ni da nake haɗa wayar tirela ido rufe? Je ka sha shayi, kafin ya huce na gama."

Ya kuwa gama. Maimakon ya jawo waya mai kauri tun daga batir saboda firij, sai ya fere wayar fitilar baya, siririya kamar taliya, ya rataya mata komai da komai. Salatif ɗinsa ya ƙare, ya naɗe mahaɗar da ledar fiya wata. Ya bi da wayar ta saman salansa, wai nan ne hanya ta fi kusa.

Tun a hanyar gida marigayiya ta fara sambatu. Malam Maitama ya ba da sigina hagu, ɗakin da ke bayansa ya nuna dama, wani ɗan acaɓa ya faɗa kwata, ya taso ya zagi Malam Maitama har kakansa. In aka taka birki firij ya ɗauke, in aka saki ya kama gurnani. Can sai fiyus ya ƙone, wato ɗan mitsitsin ƙarfen nan da ke mutuwa don mota ta rayu. Aka koma wurin Kamalu ya sa wani. Shi ma ya bi ɗan uwansa.

"Fiyus ɗin yanzu ba su da zuciya," in ji Kamalu. Ya sunkuya ya zare ƙusa daga bencin da ake zama a ƙofar shagonsa, ya datse ta da filaya, ya cusa a gurbin fiyus. "Baba, ƙusa ba ta ƙonewa. In wannan ta ƙone, ka canza min suna."

Iyalan marigayiya na shaida wa duniya cewa a nan Kamalu bai yi ƙarya ba. Ƙusa ba ta ƙone ba.

Jiya, ranar kasuwar Dayi, Kande ta fita aikinta na ƙarshe, ɗaki na biye da ita, firij cike da zoɓo. Sun yi nisa sai Hajo ta toshe hanci da gyale.

"Malam, wa ke ƙona shara a tsakiyar daji?"

"Ke dai ki riƙe kulolinki."

"Malam, sharar nan a ƙarƙashin ƙafarka take!"

Kafin ya gangara gefen titi hayaƙi ya turnuƙe gaban motar. Ya zare makulli, wuta ba ta san da makulli ba. Hajo ta fice da takalmi ɗaya. Wani manomi Bamaguje mai suna Iliya, da ke yankan dawa a bakin hanya, ya yar da lauje ya sheƙo da mutanensa. Su ne suka cire ɗakin daga ƙugiya suka tura shi baya, hannun Iliya har ya saɓule. Aka yi ta watsa ƙasa. A lokacin ne wayoyin hon suka narke suka haɗu, Kande ta buɗe murya, "faaaaam," ba tsayawa, kamar mai kiran sunan wani. Ta yi ta kira har muryar ta dushe, ta koma "fiii," ta yi shiru. Iliya ya cire hularsa. Malam Maitama ya zauna daɓas a kan kwalta.

Duk da haka, Malam Maitama Musulmi ne, ya san kowane mai rai mamaci ne, balle mai taya. Da Kamalu ya zo ya ce Allah ya ba da haƙuri, da magana ta wuce. Amma kafin la'asar labari ya iso gida cewa Kamalu na teburin mai shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana cewa: "Tsohuwa ce, kwananta ne ya ƙare. Kuma shi Baba Maitama ya cika mata lodi. Ka taɓa ganin an ɗora wa kaka goyo?"

An kashe ta, an bi gawarta da ƙazafi, an kuma ɗora wa mai gidanta laifin. Wannan ne Malam Maitama ya rantse ba za a binne Kande da shi ba. Ba ya neman wata mota a wurin Kamalu, ba ya zuwa ofishin 'yan sanda. Magana ɗaya yake so, daga bakin Kamalu, a gaban mutanen da suka ji ta farko: "Ni na sa ƙusar."

Marigayiya ta rasu ta bar mai gidanta, wanda yau da safe ya taka har masallaci da makullinta a aljihu, ya dawo ya tsaya yana kallon inda mai ya ɗiɗɗiga a ƙofar gida. Ta bar Hajo, da takalmi ɗaya. Ta bar safaya taya, wadda Allah ya yi wa gyaɗar dogo tana wurin mai faci, har yanzu an rasa mai ƙarfin halin faɗa mata. Ta bar maraya, ɗaki mai taya, da zoɓon da ya yi tsami a cikinsa. Sannan ta bar ƙusa. Malam Maitama da kansa ya tono ta daga toka, lafiyarta lau, ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Game da jana'iza: Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, iyalai sun ji sun bi. Amma da aka tambaye shi ko akwai inda aka hana mutum shimfiɗa tabarma ya karɓi jaje a kan asararsa, ya ce bai sani ba. Saboda haka, tun da sassafe tarakta ta jawo gawar, an ajiye ta daidai ƙofar shagon Kamalu Rewaya, bakin tasha, yadda ko keke ba zai shiga ba sai ya gaishe ta. A nan ake zaman makoki. An shimfiɗa tabarmi, an kafa rumfa, mata na can gefe tare da Hajo. Ƙusar na kan faranti a tsakiya don masu son ganawa da ita.

Ana roƙon direbobin tasha, da 'yan acaɓa, da musamman duk wanda ya kawo motarsa gyaran waya, da ya tsaya ya yi ta'aziyya. Al'ada ce mai gaisuwa ya tambayi, "Ciwo ta yi?" Iyalai a shirye suke su ba da amsa dalla-dalla, ko sau nawa aka tambaya. Tun safe motoci da dama sun zo, sun ji, sun yi addu'a, sun juya da ribas.

Ana kuma sanar da Kamalu, wanda ya kulle kansa cikin shago tun da ya hango tarakta, kuma ake ganin idonsa ta ramin ƙofa, cewa ba a korar masu makoki a ƙasar Hausa. Shugaban tasha ya zo ya ce a duba, Malam Maitama ya ce, "Ranka ya daɗe, ka zo gaisuwa ne ko ka zo tashin mu?" Shugaba ya cire takalmi ya zauna. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun zo ɗaukar gawa, an ce su dakata. Ranar da Kamalu ya fito ya faɗi kalmominsa, ranar za a sallami Kande. In ya ga dama ya kai arba'in, akwai tabarmi.

Ƙarin sanarwa: ana shirin kai wannan takarda wurin bugawa, sai ga wani dattijo ya sauka daga motar Funtua, da farar babbar riga da lema a hammata, ba wanda ya san shi. Ya ga rumfa, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Ya haƙuri? Allah ya mayar da alheri."

"Amin, Alhaji. Daga ina?"

"Daga Mahuta. Ku gafarce ni, ban san ana zaman rashi ba. Wani yaro ne ke neman 'yar ƙanena Jamila, ana shirin sa rana, shi ne dangi suka ce in zo wurin sana'arsa in ji halinsa a bakin mutane. Kamalu sunansa, wai rewaya ne. Ko a cikinku akwai wanda ya san shi?"

Malam Maitama ya gyara zama, ya matsa ya ba baƙo wuri, ya jawo farantin nan gabansa a hankali.

"Alhaji, ka ci abinci kuwa? Hajo, kawo wa baƙo ruwa. Labarin da ɗan tsawo."

Daga cikin shago aka ji sakata tana motsi, da wata siririyar murya: "Baba Maitama, don girman Allah, zo mu yi magana."

"Ba ni za ka faɗa wa ba, ɗana," in ji Malam Maitama, ko juyawa bai yi ba. "Fito. Ga jama'a, ga surukinka."

Saboda haka ana sanar da 'yan gwangwan su matso da motarsu kusa. Mai yiwuwa a yi jana'izar yau.