Goruna a Wuyan Barewa

A wani daji mai nisa da gari akwai wata tsohuwar tsamiya, a gindinta aka kafa gidan magani. Shugaban gidan shi ne Malam Kunkuru, kuma shi ya kafa dokoki biyu da ake tinƙaho da su. Ta farko, ɗan koyo ba ya zama sai marar lafiya na ƙarshe ya tafi. Ta biyu, idan wani ɗan koyo ya gudu, a ɗauki goran maganin da yake ratayawa a wuya, a rataya wa wanda ya fi ƙwazo, tare da duk majinyatan da ke sha daga goran. Yabon gwani ya zama dole, in ji su. Har guɗa ake yi.

Barewa ta zo koyo ne saboda uwarta, wadda maciji ya sara ta cika a hanya kafin a iso tsamiya. Tausayi ne jarinta. Takan tsaya kan marar lafiya ta lashe masa goshi, ta tambayi 'ya'yansa da sunayensu. Ba a jima ba aka gane tana da ƙwazo, kuma a wannan gida babu abin da ya fi wannan haɗari.

Zomo ne ya fara guduwa, aka ba ta goransa. Dila ya haye kogi zuwa wani daji da aka ce 'yan koyo suna barci, aka ba ta nasa. Bushiya ta dunƙule wata rana ta ƙi buɗewa, aka ƙara wa Barewa na huɗu. Ciyawa ma a tafe take fizga. Marar lafiya na ƙarshe kuwa, tun da aka kafa gidan ba wanda ya taɓa ganinsa, domin kafin ya tafi wani ya iso.

Wata rana da hantsi Birinya ta zo a guje, rungume da ɗanta. Barewa ta sunsuna shi, ta ce, "Ya riga ya cika. Matsa gefe, akwai na baya."

Sai da maganar ta fita ta ji ta. Ta laluba ƙirjinta tana neman baƙin ciki, ba ta sami komai ba, wayam. Wannan ya tsorata ta fiye da duk gajiyar da ta sha, domin irin maganar da aka faɗa mata ke nan ranar da aka kawo uwarta.

Da majalisar masu magani ta zauna, ta durƙusa, gorunan suna karo da juna. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ba raini ya kawo ni ba. Jiki magayi. Ba na barci, in na kwanta ma nishin majinyata nake ji. Jiya saura kaɗan in ba mai tari maganin mai gudawa. Yau kuma na kori uwa da gawar ɗanta, ban ji komai ba. A rage mini goruna, a bar ni in zauna ko da kaɗan ne. Ina tsoron abin da ya kawo ni nan yana mutuwa a cikina."

Malam Kunkuru ba mugu ba ne, yana ma son ta. Ya yi gyaran murya ya ce, "'Yata, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu a zamaninmu ba mu san zama ba. Ni nan da kike gani, tun da na fara koyo har na gama, a tsaye nake. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Goruna kuwa, da ba mu yarda da ke ba, da ba mu ba ki ba. Wa kike so mu rataya wa, raggo?"

Ba wanda ya tuna masa cewa tsayuwarsa da kwanciyarsa duk ɗaya ne, tsakanin cikinsa da ƙasa ko yatsa ba zai shiga ba. Ga shi da ɗakinsa a baya, in barci ya zo ya ja kai ciki, a ce Malam yana nazari.

Hawainiya, mataimakiyarsa, ta dubi Barewa ta yi fari, ta dubi Malam ta yi kore. Ta ce, "Yarinyar nan tana da gaskiya. Malam ma yana da gaskiya. Shawarata, a shirya wa 'yan koyo wa'azi na musamman kan amfanin hutu, kuma halarta dole ce."

Aka yi na'am. Aka yi wa'azin bayan aiki, ya yi tsawo, ya yi armashi. 'Yan koyo suka saurara a tsaye, tunda akwai sauran majinyata.

Da aka watse, Barewa ta je gindin tsamiya ta sunkuyar da kai. Goruna uku suka zame. Na huɗun, nata na asali, wanda ta yi kukan murna ranar da aka rataya mata, ta daɗe tana kallonsa kafin ta ajiye.

Yanzu tana kiwo can bakin kogi, wuyanta ya warke. Amma idan ta ji nishin marar lafiya a cikin ciyawa, sai ta sauya hanya. Abin takaici, dajin bai taɓa samun mai hannu irin nata ba, kuma kowa ya san haka, har Malam Kunkuru, wanda ya girgiza kai ya ce 'yan zamani ba su da juriya.

Washegarin tafiyarta aka ji guɗa a gindin tsamiya. An ce Gada yarinya ce mai ƙwazo.